Wandon Kawu Liman a Shingen Bunguɗu

Litinin: Tsafe zuwa Rawayya

Ana kiran assalatu na fito daga gida da ƙunshin leda a hammata. Motar ba ta tashi ba sai bakwai da rabi, don direbobin Tsafe yanzu ba sa hawa hanyar Gusau sai sun ga motocin can sun iso lafiya. Na sha koko da ƙosai a tasha ina jira.

Ni tela ne, abin da ke cikin ledar kuma wando ne na ɗinka wa Kawu Liman, yayan mahaifiyata, limamin masallacin unguwarsu a Rawayya. Fitsari ne ya toshe masa, likita a Gusau ya sa masa roba da jaka kafin a yi masa aiki. Daga matarsa sai ni muka sani. Ya ce ya duba littafi, sallarsa ta yi, amma bakin mutane ba ya duba littafi. Ranar da aka ji liman yana shiga gaba da jakar fitsari, ranar limancinsa ya ƙare. Shi ne na yi wa wandon aljihu ta ciki a wajen cinya, har da zif, yadda jakar za ta kwanta luf. Wallahi har alfahari na yi da ɗinkin nan.

Kafin Gusau muka tarar da shingen masu binciken ƙwaya. Wani jami'i ya ce, "Buɗe wayarka." Ya yi ta shafa ta da yatsa har ya kai kan hotunan iyalina na cikin ɗaki. Direba ya ce, "Haƙuri, Malam. Ƙwayar da ake kai wa mutanen daji suke nema." Na san gaskiya ne, ƙwayar nan ta ci mana yara da yawa. Amma me matata ta yi?

Na sake mota a Gusau, na sauka Bunguɗu da azahar, ɗan acaba ya ƙarasa da ni Rawayya. Kawu ya gwada wandon a ɗaka, ya yi ruku'u, ya miƙe, ya yi dariya ya ce, "Kai, ɗan nema! Ashe kana da amfani." Aka kawo hoce da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Talata: Rawayya zuwa Gusau

Ranar canza roba ce. Mun gaya wa mutane ta'aziyya za mu je Sabon Gari. A Bunguɗu muka shiga ƙaramar mota, mutum shida. A cikinmu akwai Sahabi mai sayar da taki, maƙwabcin Kawu, mai bin sa salla kullum, mutumin kirki amma bakinsa rariya.

Mun fita daga gari kaɗan aka tsayar da mu a wani shingen masu binciken ƙwaya. Kowa ya sauka, aka jera mu ana lalube. Da hannun jami'in da ke lalubenmu ya kai cinyar Kawu sai ya tsaya cak.

"Baba, mene ne nan?"

"Lalura ce, ɗana. Mu koma gefe in gaya maka."

Ya sake taɓawa, ya ji zif. Nan take fuskarsa ta canza. "Aljihun ciki! Oga, zo ka gani!" Ashe irin ɗinkin da masu safarar ƙwaya ke yi ke nan. Ni ina zan sani? Na ce ni na ɗinka, na ciro katin asibiti, ko kallonsa ba su yi ba. Na roƙe su don girman Allah su kai shi bayan motarsu. Ogan ya ce komai a fili ake yi, kada a ce sun saka wa mutum abu. Wani a cikinsu kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar mu.

Kawu ya tattare babbar rigarsa, ya kwance mazagi da kansa, ya zuge zif ɗin. Jakar ta fito rabi cike, robar na lilo. Wata dattijuwa ta ce, "Innalillahi," ta juya baya. Sahabi ya sunkuyar da kai, amma ya riga ya gani.

Ogan ya ce, "Yi haƙuri Baba, aiki ne." Na ce mai wayar ya goge abin da ya ɗauka. Ya ce na ofis ne. Wane ofis, wa zai kalla, har yau ban sani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da kaina.

A asibiti aka canza robar, ba a daɗe ba. Na sayo masa fura, ya riƙe ta har sanyinta ya fita bai kurɓa ba.

Komawa Rawayya

Mun iso gab da la'asar. Tun daga bakin gari wani tsoho ya taso da sauri: "Sannu Liman, ya jiki? Ashe haka kake fama ba mu sani ba!" Na biyu ma haka, na uku ma haka. Babu mai mugun nufi ko ɗaya, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Kawu yana ta amsawa, "Da sauƙi, da sauƙi."

Aka tada iƙama, sahu ya daidaita, kowa yana jiransa. Sai ya dafa kafaɗar na'ibinsa ya tura shi gaba. Ya ratsa mutane ya dawo sahun ƙarshe, ya tsaya kusa da ni a wajen takalma. Tun ina yaro ban taɓa ganin fuskarsa a gefena cikin salla ba, sai ƙeyarsa. Na kasa riƙe hawaye har aka sallame.

Laraba: gida

Na shiga Tsafe kafin azahar, shinge uku, ba wanda ya taɓa ni. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. An yi wa Kawu aiki daga baya, ya warke sarai, jama'a sun je har gida sun roƙe shi ya koma gaba. Ya ce musu a'a, wanda aka kwance wa mazagi a bakin titi ba ya tsayawa gaban mutane.