Sai da Na Yarda Aka Fitar da Ni a Kwance

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Wata uku ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu kira na ga kiranku. Waɗanda suka tambayi ƙanena a kasuwar Makarfi aka ce musu na yi tafiya, ku yafe masa, ni na sa shi. Ban je ko'ina ba. Ina kwance.

Wanda ya san ni ya san da baro na fara tura rake, har Allah Ya sa yau nake loda mota. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa kwana a asibiti ba, kuma ba na gajiya da faɗa wa mutane haka.

Lokacin girbin masara na je ƙauyenmu wajen Paki, na yi kwana biyar a tsohon ɗakin Baba. Ginin ƙasa ne, bango duk ya tsage, awaki na kwana a jikinsa. Ƙanena ya ce in dawo ɗakinsa na siminti, na ce a nan aka haife ni.

Mako guda da dawowata zazzaɓi ya kwantar da ni. Kai kamar ana sara, gaɓoɓi na ciwo, sanyi har haƙora na haɗuwa. Na aika kemis aka kawo maganin maleriya. Kwana uku gumi ya karyo, na miƙe garau. Har yabon mai kemis ɗin na yi.

Bayan mako guda zazzaɓin ya dawo. Aka ce to taifod ne. Na sha magani, na haɗa da jiƙon darbejiya. Kwana uku ya sake tafiya. Karo na uku ma haka aka yi.

Ga inda na yi wauta. Matata Hajara ta matsa in je asibiti, na ce zan je, amma sai na ji ƙarfi. Ba zan shiga asibiti ana riƙe da ni ba. Sau biyu ina zuwa, duka a ranakun da jiki ya saki. In yi wanka, in sa shadda da hula, in shiga da ƙafata ina gaisawa da mutane. A ɗebi jini, a ce ba a ga komai ba.

In dawo in ce, "Kin gani? Likita ma ya ce ƙalau nake."

Ta ce, "Baban Sadiya, shaddar suka gwada, ba kai ba."

A zuwa na biyu likitan ya ce, "Alhaji, in ya dawo ka zo yana jikinka, a lokacin ake ganin abin a jini." Na ce to. Ban faɗa wa kowa ba. Ashe ƙanena da ya raka ni ya ji, ya kai wa Hajara.

Karo na huɗu ya zo ranar wata Laraba da hantsi. Ko zama na kasa. Idona ya yi ɗorawa, ina ta amai. Ranar na ji tsoro na gaske. Na dubi Sadiya, 'yata ta fari da ke aji shida, na kasa tuna ko na taɓa faɗa mata ina alfahari da ita.

Hajara ta kira maƙwabcinmu Malam Yohanna kafinta ya kawo motarsa. Ƙofar gida cike da 'yan majalisa. Na ce a bari su watse.

Ta durƙusa kusa da kunnena ta ce, "Ko su gan ka a kwance da ranka, ko su gan ka a makara. Zaɓi ɗaya, mota na jira."

Shekara ashirin da biyu da aurenmu ba ta taɓa yi mini magana haka ba.

Mutum huɗu suka ɗauke ni a tabarma. Malam Yohanna na riƙe da wajen kai yana cewa, "Alhaji, ashe duk kurin nan ko buhun masara ba ka kai ba?" Ina rawar sanyi ina dariya.

Aka ɗebi jini jiki na zafi. Ranar aka ga ƙwayar. Likita ya ce zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, kaska ko kwarkwata ke kawo shi. Ya tambayi inda na kwana kwanakin baya, na faɗa masa. Ya ce akwai wata kaska da ke ɓuya a tsagar bango, ta ciji mutum yana barci ta koma, ba ya ko ji.

Kafin maganin farko ya ce, "Jiki zai iya tsananta kafin ya yi sauƙi, muna nan." Haka aka yi. Cikin awa biyu gadon har girgiza yake. Aka sa ƙarin ruwa, nas na auna ni a kai a kai. Hajara na riƙe da ƙafata tana addu'a, ba ta saki ba har ya lafa.

Kwana huɗu na yi a gado, na ƙarasa magani a gida. Kuɗin bai kai na buhu uku na masara ba. Wanda na zubar a kemis ya fi shi.

Yanzu Alhamdulillahi na koma bakin aiki. An yaɓe ɗakin Baba, an yi feshi, an matsar da awaki.

Shawarata: in zazzaɓi na tafiya yana dawowa, kar ka ce magani ne ya yi aiki. Je asibiti ranar da ya fi tsanani, ko da a tabarma ne. Faɗa wa likita inda ka kwana. Kuma ka shanye maganin duka.

Likita da nas-nas, Malam Yohanna, ƙanena mai tsegumin alheri, 'yan majalisa da suka yi ta zuwa dubiya babu wanda ya yi mini dariya sai da na warke, Allah Ya saka muku da alheri.

Ita Hajara ba ta da shafi a nan, Sadiya ce za ta karanta mata. Sadiya, ki faɗa wa mamanki na ce ta fi ni gaskiya, kuma na faɗa a gaban jama'a. Sau ɗaya za ki karanta mata wajen nan, kar ta saba.