Askar da Na Kai Ƙarƙashin Idon Mma

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ni tsohuwa ce yanzu, jikata ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa mata, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana. A shekarun farko bayan Ghana ta sami 'yancin kai, ni matar aure ce a zongon Yendi, mijina yana karantar da yara a zaure, ni kuma ina dillancin kayan kwalliya a cikin gida: hoda, turare, kwalli, ɗan kunne, duk abin da lorin Kumasi ya sauke. Ina da baki, ina da ido a kan kaya, amma ban iya jira ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, takan tsokane ni cewa ko ranar da ta haife ni ban jira ungozoma ta ƙaraso ba.

Mma mutuniyar Salaga ce, a cikin goro ta tashi. Bayan rasuwar mahaifinmu, da zaɓen goro ta riƙe mu. Fatake kan kawo mata huhu ta kwance, ta ware mai kyau da wanda tsutsar sankara ta huda, ta sake jera shi a ganye. Idonta na hagu wata farar yana ce ta rufe shi tun muna ƙanana, saboda haka da na dama take wannan aiki, da shi take karanta 'yan surorinta, da shi take gane fuskokinmu. Duk gidanmu mun san cewa ido ɗaya gare ta, har da ni.

Sai aka sa ranar auren ƙanena a Bawku, da 'yar wasu masu fataucin shanu. Mma ta taso daga Salaga ta sauka wurina don mu wuce tare. Akwai wata magana da ke yawo a dangi, wai Mma ba ta son wannan aure, wai 'yar ɗan'uwanta ta so a ba shi. Ƙarya ce, amma ta riga ta isa Bawku kafin mu. Na ƙudura a raina cewa Mma za ta shiga gidan nan fes, ta zauna gaban mai hoto, kowa ya ga uwar ango cikin farin ciki. A lokacin an fara kawo wani baƙin rini na gashi da ake kira yomo, matan Kumasi na cewa wanda ya shafa shi ya yi sallama da furfura. Na dame ta sai na shafa mata. Ta ce furfurarta ba satowa ta yi ba, me zai sa ta ɓoye ta. Na nace, na yi fushi, na yi shagwaɓa kamar ba ni da 'ya'ya, har ta zauna a tabarma ta miƙo mini kai. Na shafe gashin, na bi girar ma na shafe.

Kafin gari ya waye fuskarta ta haye, idanun sun shige ciki, fatar kai tana ƙaiƙayi tana ruwa. Muka kai ta wurin malamin asibiti. Ya ce jikinta ne bai karɓi rinin ba, ya wanke mata, ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi masu sa barci. Cikin 'yan kwanaki fuskar ta dawo, ƙaiƙayin ya tafi, sai dai ƙarƙashin idanun biyu ya ƙi sacewa, ya yi luhu-luhu kamar na wadda ta kwana tana kuka. Na koma wurinsa a fusace. Ya gaya mini cewa ruwa ne kawai ya taru, fatar wurin ba ta da kauri shi ya sa take daɗewa, kuma jiki zai shanye shi da kansa. Ya ce a riƙa jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora, ta tada kai da matashi idan za ta kwanta, ta rage gishiri da kanwa, kada kwalli ko wani shafe-shafe ya kusanci wurin, kada ta murza. Na tambaye shi yaushe zai tafi. Ya ce wataƙila mako biyu, wataƙila fiye, sai haƙuri. Biki kuwa bai kai haka nisa ba.

Mma ta karɓi maganarsa hannu biyu. Takan kwanta a inuwar rumfa da tsummanta a fuska, tana jan carbi, tana cewa tun da aka haife ta ba a taɓa ba ta magani mai daɗi irin wannan ba, a ce ka kwanta ka huta. Ni ce na kasa zama. Duk matar da ta shigo sayen hoda sai ta dubi Mma ta tambaya ko lafiya, ko an yi rasuwa ne. Wata ta ja ni gefe ta ce in dai da wannan fuska za a je Bawku, to, dangin amarya ba sa bukatar wani shaida. Aka yi ta kawo shawara, mai cewa man kaɗanya, mai cewa ganyen shayi da aka dafa ya huce, mijina ya yi tofi ya ce mu bar wa Allah sauran. Ni kuwa kullum da safe sai na tallafi haɓarta na juya fuskarta wajen haske, in ga kamar gara jiya da yau.

Daga nan tunanin tsaga ya shigo mini. A wurinmu idan wuri ya kumbura ya ƙi sauka, cewa ake mataccen jini ne, wanzami ya tsattsaga ya fitar. Na aika wa wanzamin gidanmu, dattijon da ya yi wa 'ya'yana aski ranar suna. Ya zo ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce shi ba ya kai ƙarfe kusa da ido, balle mai ido ɗaya. Na ce a raina tsufa ne ya sa masa tsoro. Ranar kasuwa na sami wani baƙo mai yawo da ƙaho da ƙullin magunguna, ya rantse mini cewa kafin jibi ko alama ba za a gani ba. Na kawo shi gida lokacin da mijina ba ya nan. Mma ta dube shi, ta dube ni, ta tambaye ni ko dai kunyar fuskarta nake ji. Na ce mata mutuncinta nake karewa. Sai ta ce to, tunda hankalina ba zai kwanta ba sai an yi, a yi.

Da dama ya fara, kamar yadda ake fara kowane abin kirki. Ni ce na riƙe kanta a cinyata. Ya yi 'yan tsage ƙanana a ƙarƙashin idon, ya ɗebo wani baƙin gari ya murza a ciki, garin ya bi hawaye ya shiga idon. Mma ba mai raki ba ce, amma ranar na ji ta kira sunan mahaifiyarta. Ta ture hannunsa ta ce na hagun a bar shi sai gobe. Kafin goben baƙon ya bar gari, idon kuma ya rufe ruf, ya yi ja, yana zubar da ruwa mai kauri, zazzaɓi ya rufe ta. Na ɓata kwanaki ina wankewa da ruwan ɗumi ina ɓoye wa mijina gaskiya. Da abin ya fi ƙarfina, malamin asibiti ya ce mu garzaya asibitin mishan na Bawku, can ne ake duba ido.

Haka muka shiga Bawku a makon bikin, Mma kwance a bayan lori, kanta a jikina. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ceci ranta, amma ya ce gyambo ya riga ya cinye baƙin idon. Yana cikin bayani ya nuna mini ɓangaren hagu, wanda aska ba ta taɓa ba. Kumburin ya sace sarai, fatar ta kwanta lafiya lau a ƙarƙashin idon da ba ya gani. Ana kiɗa a gidan amarya muna jiyowa daga ɗakin marasa lafiya. Mai hoton ya zo ya tafi, babu uwar ango a ciki.

Mma ba ta sake zaɓen goro ba. Ta dawo wurina da zama, kuma har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa yadda aka yi ba. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ciwo ne ya zo da ƙarar kwana a kan idon. Amaryar nan da aka ce ba ta so, ita ta fi kowa jinyarta, 'ya'yan da amaryar ta haifa kuwa da tafin hannu Mma ta san kamanninsu. Wata rana ina ba ta koko, kuka ya ci ƙarfina, na durƙusa ina neman gafara. Ta laluba fuskata, yatsunta suka tsaya a ƙarƙashin idanuna, ta ce sun kumbura. Ta ce in je in jiƙa tsumma da ruwan randa in ɗora, in kwanta, zai sauka da kansa.

Mutane na cewa garin gyaran gira an rasa ido, suna faɗa suna dariya. Ni da hannuna na aikata shi. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana mata, idan wani rini ko mai ko magani ya tayar muku da fuska, ku daina shi, ku je a duba ku, kuma in an ce saura haƙuri, ku yi haƙurin. Kada ku bar aska, ko gari, ko abin da ba ku san asalinsa ba ya kusanci ido saboda biki ko bakin mutane. Biki kwana kaɗan ne, masu magana kuma gobe sun sami wani zancen. Kaina yanzu fari fat, ban taɓa rina shi ba, tsufa ya ajiye mini nawa luhu-luhun a ƙarƙashin ido. Jikokina kan ce in zo su shafa mini wani abu ya ɗauke shi, nakan ce su bar mini, da shi nake tuna uwata.