Ranar da Inna ta gyara mana igiyar ƙarfe

Shekarun baya, ina da ɗan shagon walda a bakin titi a Bodinga, kuma a lokacin ina ganin babu abin da zai karye a duniya in kasa haɗa shi. Ƙofa, amalanke, ƙafar kujera, garmar shanu, duk abin da aka kawo sai in sa masa wuta in ce an gama.

Wata safiya a farkon damina aka kira ni daga ƙauyenmu da ke can wajen Shagari. Hadarin da aka yi ya tumɓuke tsohon madacin da ke bayan masallaci, ya kwanta a kan bakin rijiyar gari. Allah ya kiyaye, bai taɓa kowa ba. Amma rijiyar ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a garin. Kwana uku ke nan mata suna tafiya har fadama suna ɗebo ruwa mai laka, cikinsu har da mahaifiyata, wadda gwiwa ta daɗe tana damunta. Mazan gari sun sassare rassan da gatari, sai dai gungumen ya fi ƙarfinsu. Sun kuma ji tsoron yanka shi a inda yake, kada wani yanki ya rufta ciki ya tafi da ginin rijiyar.

Nan take na tuna da wani abokina. Yana da wata tsohuwar babbar mota da yake ɗauko wa masu katako da masassaƙan turmi gungume. A bayan kan motar akwai injin ja da suke kira winci, wata ganga ce da ke juyawa tana naɗe igiyar ƙarfe, a bakin igiyar kuma akwai ƙugiya. Da na gaya masa, bai ko tsaya tunani ba, ya ce za mu je. Matsala ɗaya, bakin igiyar ya tsufa. Ya jawo ya nuna mini: wajen ƙugiyar duk ya yi gashi, silin wayoyin sun tsintsinke sun miƙe kamar ƙaya. Ya ce a gaskiya sai an kai Sakkwato wurin masu saƙa bakin igiya, kuma hakan zai ci kwana biyu.

Na ce masa, "Sakkwato kuma? Ina nan zaune?"

Na yanke wurin da ya lalace, na soka sabon bakin a zoben ƙugiya, na lanƙwaso shi, na narka masa ƙarfe har ya yi dunƙule. Abokina ya juya shi a hannu yana kallo.

"Ka tabbata wagga walda na riƙewa?"

Na ce, "Ko giwa ka ɗaura mata."

Mun isa ƙauye da hantsi. Ban taɓa ganin an tarbe ni haka ba. Mai gari da kansa ya fito, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar masallaci, na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka a gaban jama'a. Mata suka tsaya daga nesa da bokitai da tuluna, a shirye. Ni kuwa ina ta kai da kawo ina ba da umarni, kai ka ce motar tawa ce. Muka naɗa sarƙa a gindin gungumen, muka saƙala ƙugiya. Abokina ya sa kowa ya ja baya sosai, ya ce igiyar ƙarfe idan ta tsinke ba ta san ɗan gari ba. Ya tayar da inji, ganga ta fara juyawa, igiya ta miƙe ta yi tsaf.

Gungumen bai ko motsa ba. Sai ji muka yi tas! Igiya ta tsinke daidai gefen waldata, ta yi bulala a iska, ta daki randar alwala da ke jikin masallaci ta fasa ta gida biyu. Ni da ke tsaye ina ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya, ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan wani jaki ba.

Sai mai gari ya ce, "To, alhamdu lillahi, randa ta, ba mutum ba." Aka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Abokina ya ɗauko guntun ya miƙo mini. Wutar walda ta gasa wayoyin, sun yi gautsi kamar tsinken tsintsiya.

Muna tsugune muna shawarar komawa Sakkwato, sai na ga inuwa a kanmu. Mahaifiyata ce, ta dogara sandarta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika yi mini magana a gaban mutane ba. Abokina ta fuskanta.

"Ɗana, miƙo man wagga igiya in gani."

Ya ce, "Inna, akwai ƙaya, tana huda hannu."

"Na ga ƙaya kahin a haihe ka. Kawo."

Ta karɓa ta kusanto da ita ga ido, ta bi murɗin da yatsa. Ta ƙirga silin, shida, ga kuma wata 'yar igiya mai maiƙo a tsakiya. Sai ta yi murmushi.

"Wagga ai tuhka ta. Wa yac ce a gama igiya da wuta? Igiya da jikinta ake gama ta."

Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno. Ta ce mu fara ɗaure igiyar da siririyar waya a bayan inda ta ƙone, don kada ta warware idan an sare. Muka ɗaure, muka ɗora a kan wani guntun ƙarfe, na sare da kurfin maƙera da guduma. Ta auna kamu ɗaya da rabi da hannunta, ta ce mu sake wani ɗaurin a nan. Sannan ta ce mu kwance na bakin, mu raba silin gida biyu, uku nan, uku can tare da ta tsakiyar, mu warware su har zuwa ɗauri na biyu. Da sukundireba muka buɗe su, igiyar ta zama kamar reshe mai baki biyu.

Daga nan ne aikin ya ɗaure mana kai. So take mu zura zoben ƙugiya, mu lanƙwaso ɓangarorin biyu su haɗu su yi kunne, sannan kowanne ya koma ya kwanta a gurbin da ɗan'uwansa ya bari. Na gwada, suka ƙi. Abokina ya gwada, suka fi ƙi. Sai ta kwance igiyar da ke ɗaure da gugarta, ta warware bakinta, ta yi mana a hankali muna kallo.

"Kun gani? Ba a tilasta mata. Inda ta hito, nan za ta koma. Kai," ta ce da ni, karo na farko, "hannun hagu kake bi, bi dama."

Na juya. Wallahi sai silin suka fara faɗawa gurbinsu da kansu, ɗaya bayan ɗaya, kamar dama jira suke. Kafin mu kai ƙarshe hannuwana sun yi jini wuri uku, amma kunnen ya fito sumul, ba ka gane inda aka raba. Sauran jelar muka kwantar a jikin igiya. Abokina ya lalubo maƙalai biyu masu noti a akwatin kayan aikinsa, muka matse jelar da sifana, muka naɗe bakin da siririyar waya don kada ya yagi hannun wani.

Wannan karon ban ɗaga wa kowa hannu ba. Na tsaya can kusa da mahaifiyata. Inji ya yi gurnani, igiya ta miƙe, na runtse ido. Sai na ji guɗa. Gungumen yana ja da baya a hankali, yana huɗa ƙasa, har ya sauka daga bakin rijiya. Bulo uku kawai ya ɓantare. Aka share ganye da ɓawo, aka kwashe ruwan saman rijiyar aka zubar, kafin la'asar guga ta fara fitowa da ruwa garau. Mai gari ya ce moɗar farko a kai wa Inna. Ta sha, ta miƙa wa abokina sauran, ni kuma ta ce in je in nemo wa masallaci randa. Washegari da safe na kawo sabuwa daga kasuwa a bayan babur, yara da manya suna yi mini kirarin mai fasa randa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar da muka yi bayan an watse. Na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce mahaifinta tufkar igiyar guga ce sana'arsa, kuma da idonsa ya raunana ita ta riƙa gama masa bakin kowace igiya har aka yi mata aure. Na haura shekara talatin a lokacin, ban taɓa jin wannan labari ba, don ban taɓa tambaya ba. Na san tuwonta, na san faɗanta, amma ban san abin da hannunta ya iya ba.

Yanzu masu motocin gungume da masu haƙar rijiya sukan kawo mini igiyoyinsu in gama musu baki, kuma ban sake kusantar da wuta ga ko ɗaya ba. Idan suka tambayi wane gareji na koya, nakan ce wurin wata tsohuwa a ƙasar Shagari. Sai su yi dariya, suna zaton wasa nake. Da na gaya mata haka, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "To ka hwaɗa musu har yanzu ba a yaye ka ba."