Ranar da Aka Zo Ƙirga Fasinjan Rano

A tashar motar Rano akwai wani dattijo ɗan kamasho, siriri, mai koɗaɗɗiyar hula, wanda muryarsa ta dushe da kiran "Kano, saura mutum ɗaya!" Yau ba ya kiran kowa. Yana tsaye riƙe da ƙugu, yana hararar wasu ma'aikata biyu da aka turo daga birni su ƙirga fasinja, don a san girman sabuwar tashar da za a gina.

Tashar kuwa fayau take, mota uku ce kawai, sai akuya tana cin ɓawon rake. Da ganinsa ya yi shekara talatin yana cusa mutane da buhunan masara a mota ɗaya, yana kallon matan Madachi suna gasuwa a rana da goyo har la'asar.

Ɗayan ma'aikatan ya gama rubutu ya ce, "Baba, ai rumfa ɗaya ta ishe ku."

Dattijon ya tofar da goro, ya dafe takardar da tafin hannunsa.

"Yau kasuwa ba ta ci, Malam. Wane marar imani ne ya aiko ku ƙirga mu ranar da ba ma nan?"