Ƙunshin Baba a Dutsen Kara

Babana bai yarda da kaya ba. Da ƙafa ya zo Makka tun daga ƙasar Kano yana saurayi, ya bi ta Chadi da Sudan yana ƙodago a gonakin mutane, kuma abin da tafiyar ta bar masa shi ne raina duk wanda ya ɗauki abin da ba zai iya gudu da shi ba. Ni kuwa a nan aka haife ni, a bukkokin gwangwani na wajen unguwar Rusaifa, ban taɓa wuce Arfa ba. Don haka ranar da na ɗaure mana kayan tafiya Ɗa'ifa, zama ya yi a bakin ƙofa yana kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa matata ta mayar ɗaki.

"Bargo? A wannan zafin?" in ji shi. "Ya waladi, ɗana, ɗakin miji za mu kai ka?"

Na ce masa an ce saman dutse da sanyi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan ne ma dalilin tafiyar. Rayuwarsa duk a ɗaukar garwar ruwa ta ƙare, yana hawa benayen mutane, ƙirjin ya gaji. Lokacin kuma yaƙin Turawa ya tsayar da jiragen ruwa, alhazai sun yi ƙaranci, gari ya yi tsit. Yayata da ke aure a Ɗa'ifa ta aiko cewa a kawo shi ya sha iskar can. Mota ba ta irinmu ba ce, sai dai mu bi hanyar alfadarai, mu hau Dutsen Kara.

Abin da ya bar mini shi ne salkar ruwa, dabino, gurasa, wuƙa da ashana. Shi kuma sandarsa da wani ɗan ƙunshi da ya ɗaure da igiya ya maƙale a hammata. Na miƙa hannu in karɓar masa, ya buge hannun. Haushi ya kama ni, na rabu da shi.

Mun ratsa Arfa ba kowa a cikinta. Ban taɓa ganinta haka ba, fili fetal, sai tsofaffin duwatsun murhu da alhazai suka bari, ba motsin komai. Muka kwana a kwari kan yashi, washegari muka isa gindin dutsen, inda akwai wata rumfar gahawa ta masu alfadarai. Tsohon Balaraben da ke wurin ya dubi Baba, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Ya Hajji, ku kwana nan. Yau dutsen ba ya son baƙi."

Sama garau take a lokacin, in ban da wani ɗan farin gajimare da ya zauna a kan ƙololuwa. Baba ya yi godiya, ya ce shi tunda yake tafiya bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin wani ba. Na so in yi magana, ya riga ya yi gaba.

Hanyar matakala ce ta duwatsu da kofato ya goge har suna santsi, tana murɗewa, dama bango, hagu kwazazzabo wanda ba ka son leƙawa. Da farko gwaggon birai suna zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar masu jiran a ba su labari. Can bayan azahar sai suka taso gaba ɗaya, manya da ƙanana, uwaye da 'ya'ya a baya, suka gangaro ta gefenmu ba tare da ko ɗaya ya waiwayi jakar dabino ba. Wannan ya tsorata ni fiye da maganar tsohon. Ba mu ƙara haɗuwa da mai saukowa ba. Baba yana tafiya yana tsayawa, ya ce wai yana duba hanya ne. A wani tsayin ya tofar da abu, ya yi sauri ya taka da ƙafa. Na ga jan jinin, shi ma ya san na gani.

Wajen la'asar gajimaren nan ya sauko ya same mu. Ban san ana shiga cikin gajimare ba sai ranar. Kwazazzabon ya ɓace, dutsen ya ɓace, bayan Baba ma da ƙyar nake gani. Sai iska, sai ruwa, sai ƙanƙara mai zafin duka. Kafin mu sami wani lungu ƙarƙashin dutse mu raɓa, ba inda ya rage a bushe a jikinmu. Ashanar ta zama kunu. Ni da na tashi a garin da ake kwana kan soro saboda zafi, haƙorana suka riƙa haɗuwa, na kasa hana su.

Baba ya fi ni. Rawar jikinsa ta wuce ta sanyi, leɓɓansa sun yi toka. Na cika fam, ina son in ce masa ga ranar bargo, amma da na dubi fuskarsa sai na fasa. Ya jawo ƙunshin nan, ya ce in kwance, yatsunsa ba sa iyawa. Fata ce a waje. A ciki farin alawayyo ne a ninke, busasshe, yana ƙamshin kafur. Likkafaninsa ne, wanda ya wanke da zamzam tun shekarar da ya iso.

"Saurara," ya ce. "Ga yadda ake yi a hanya. Wanda ya kasa, a kwantar da shi a inuwa, a juya shi alƙibla, a bar masa ruwa da wannan kusa da kai. Masu ƙafa su wuce. Ƙauyen Hada da ke saman dutsen ba nisa, akwai gidaje. Yalla, tashi tun da sauran haske."

"Baba, kana jin abin da kake faɗa kuwa?"

"Halas, magana ta ƙare. Kana da mata, tana da ciki. Mutum biyu ba sa mutuwa saboda ɗaya."

A tsawon rayuwata ban taɓa ɗaga masa murya ba sai a lungun nan. Na ce dama abin da ya ɗauko ke nan, ya hana ni bargo ya ɗauko wa kansa likkafani, ya jawo ni har saman dutse don in koma in gaya wa yayata me? Ina faɗa ina kuka, ina tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga. Ya riƙe wuyan hannuna ya ce ba a shiga wannan da rai. Ba ƙarfi a riƙon. Na warware ƙyallen na naɗe shi tun daga kai har ƙafa, na tuɓe tawa rigar, na shiga ciki tare da shi, ƙirjina a bayansa.

Haka duhu ya same mu. Ƙamshin kafur ya cika mini hanci, ƙamshin da ban taɓa ji ba sai a wurin wankan gawa. Ina jin numfashinsa yana kurkur, ya tsaya, in ƙame, ya dawo. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba.

Da na farka gari ya waye, gajimaren ya koma ƙasa da mu, ya rufe kwarin kamar an shimfiɗa auduga. Baba yana kwance kan damarsa cikin farin ƙyalle, rawar jikin ta tsaya. Na kira shi, shiru. Na daɗe ban iya miƙa hannu ba. Da na taɓa wuyansa na ji zafi rau, jijiya tana bugawa a hankali.

Na yagi ƙyalle ɗaya, na goya shi yadda mata ke goyon jariri, na ɗaure a ƙirji. Salkar da sauran tarkacen na bar su nan. Na kama sandarsa na fara hawa.

Ya tashi daga wannan ciwon, har ya ga ɗana na fari ya yi masa huɗuba. Amma abin da ya gaya mini a bayana ranar, ban ji ya sake gaya wa kowa ba. Mun kusa kaiwa sama, ana jiyo kukan awaki, sai na ji bakinsa kusa da kunnena.

"Da ni ne, da na tafi."

Na ce ya yi shiru ya adana numfashinsa.

"Na tafi ai," in ji shi. "Da ƙanena muka baro gida. Zazzaɓi ya kama shi bayan mun wuce Chadi. Na kwantar da shi gindin aduwa, na bar masa ruwa. Ina tafiya yana kirana."

Ban san ina da wani baffa ba sai a wannan lokacin. Na ci gaba da hawa. Har na ɗauka ya koma barci, sai ya ƙara magana.

"Yaro ne. Ko rabin nauyina bai kai ba."