Masu Sauko da Ni Ranar Juma'a

Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a Kano kafin in yi ritaya, in bi ɗana zuwa Makka. Gidanmu yana hawa na huɗu a wani tsohon bene a unguwar Utaibiyya, babu na'urar hawa. Da gwiwoyina suka ƙi, sai fitata ta koma hannun maƙwabta biyu: tela ɗan Indiya da direba ɗan Pakistan. Kowace Juma'a ɗana yana bakin aiki a asibiti, su suke ɗaukata a keken guragu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, su sauko da ni masallaci. Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya ba ya iyawa.

Sai aka wayi gari ƙasashensu suna ɓarin wuta a kan iyaka. Kowannensu ya duƙufa kan wayarsa, gaisuwa ta ɗauke tsakaninsu. Juma'a ta zo, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata.

Na yi abin da dattijo yake yi a garinmu: na aika aka kira su, na zaunar da su a tabarma ɗaya, na zuba musu shayi. Sannan na yi abin da malami yake yi. Na bayyana musu cewa ƙasashe biyu masu makamin nukiliya ba sa kai juna maƙura, domin wanda ya fara harbawa ya san shi ma ba zai kwana ba. Tsoron juna shi ne katangarsu. Na tsara maganar da kyau, har muryata ta burge ni.

Direban ya ajiye kofinsa. "Ya Hajj, wallahi ka iya karatu. Mahaifiyata daga ɗakin girki take jiyo igwa. Wadda ke faɗowa a ƙauyenmu ƙarama ce, ba nukiliya ba, ba ta cikin littafinka."

"Ni ƙanena soja ne," in ji telan, idonsa a bango. "Kwana uku wayarsa a kashe. Matarsa zan ce wa katanga?"

A Kano, idan babba ya ce a yafe, ana yafewa ko da a fatar baki ne. Na ce su yi musafaha. Direban ya ce, "Halas, shi ke nan, Baba, ba da shi nake faɗa ba. Amma ba yau ba." Telan ya tsaya a bakin ƙofa sai da ɗayan ya gama sauka.

Juma'a uku ina sallar azahar raka'a huɗu a zaune, huɗuba tana shigo mini ta taga. Ɗana ya ce zai samo wasu su ɗauke ni. Na ƙi, domin yin haka shaida ce cewa sulhuna ya rushe.

A ta huɗu, bayan an tsagaita wuta, suka zo ban aika ba. Suka ɗaga ni. A kwanar hawa na uku ina jin numfashinsu, ɗaya a ƙeyata, ɗaya a gwiwata. Na so in yi godiya, sai na rasa wanda zan fara ambata. Na riƙe hannun keken, na yi shiru har ƙasa. Haka muke sauka har yau.