Matar Saman Bene

Maxine Dobek ta shekara goma sha ɗaya tana wasan barkwanci a talbijin, amma ko sau ɗaya ba a taɓa tare ta a titi an ce an gane ta ba. Ni ce mai yi wa 'yan wasan shirin gyaran gashi da kwalliya a garin Burbank da ke California, don haka na fi kowa sanin fuskarta. Ba wata fuskar a zo a gani ba ce: doguwar haɓa, ƙananan idanu, ga hanci kamar an manna shi cikin sauri. Amma murya, Allah Ya ba ta. In ta daka tsawa a wannan bakin titi, karen da ke wancan bakin sai ya shige ƙarƙashin mota.

Daga garin Toledo ta zo tun tana budurwa, da akwati ɗaya da tabbacin cewa ita ake jira. Ba wanda ke jiranta. Ta yi rabon abinci a gidajen cin abinci har ƙafafunta suka kumbura, ta fito a gawa sau biyu a wasan 'yan sanda, duka biyun an lulluɓe ta da zane. Sai da ta haura arba'in muryar ta samo mata aiki.

Shirin na wasu samari uku ne marasa aikin yi da ke haya a ƙasan bene, mai gidan kuwa, Misis Krantz, tana sama. Daɗin shirin shi ne ba a taɓa ganin Misis Krantz ba. Sai dai ta bubbuga daɓe da sandar tsintsiya, ta kwarara ihu: "Wane ɗan banza ne ya bar min ƙofa a buɗe?" 'Yan kallon da ake tarawa duk Juma'a su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita kuma Maxine tana bayan katakon da aka yi bangon ɗakin wasan da shi, a kan tsani, cikin wayoyin lantarki, da sandarta a hannu. Mai shirin, Mista Whitlock, ya hana a rubuta sunanta a ƙarshen wasa, ya kuma hana ta magana da 'yan jarida, wai kada sirri ya tonu.

Duk da haka, kowace Juma'a sai ta zo ta baje a kujerata.

"Darlene, ɗan ɗaga min gashin gaban nan. Ki sa min jan-bakin nan mai duhu."

"Wa zai gani, Maxine? Ɓerayen bayan katako?"

"Ke dai yi aikinki, uwar surutu. Wata rana za su buɗe ƙofar."

Haushi take ba ni, don tana cinye min lokacin waɗanda za a gani. Sai daga baya na san dalili. Uwarta, Mama Stella, ta yi rayuwarta a masana'antar gilashi har ƙarar injin ta kashe mata kunne. Da motsin baki take gane magana. Duk mako tsohuwar na jan kujera ta zauna dab da talbijin tana neman 'yarta, ga shi Misis Krantz ba ta da bakin da za a kalla. Washegari yayar Maxine, Roz, za ta bugo waya da murnarta: "Mama ta ce jiya ma ba ta gan ki ba. Ta ce in tambaye ki, anya ba shara kike musu a can ba?"

Maxine ta roƙi Whitlock har ta gaji. Ko ƙeyarta ce a nuna, ko hannu.

"Haba ƙawata," in ji shi, yana shafa mata kafaɗa yana kallon agogo. "Ranar da aka gan ki, ranar shirin ya mutu. Ki bari sai na ƙarshe. Na yi miki alkawari."

Da shirin ya zo ƙarewa, sai ga shi ya cika alkawari. Aka kori 'yan kallo don kada labari ya fita. Na yi mata gashin da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba, ta sa koriyar riga, aka buɗe ƙofar saman bene, ta sauko a hankali da sandarta, ta kalli samarin nan ta faɗi maganarta. Ta yi kyau, ban ƙara gishiri ba. Da aka gama ta rungume ni tana kuka, ta ɓata min duk kwalliyar.

Abin da ba mu sani ba shi ne, Whitlock ba ya sakin komai sai ya gwada. Akan kwaso mutane daga kasuwa a zaunar da su a ɗaki, a nuna musu shirin, a ga inda suka yi dariya. Da ƙofar ta buɗe, babu wanda ya ko murmusa. Wani ya ce, "Au, ashe mace ce kawai." Wannan kalmar ta ishe shi.

Ranar da za a nuna shirin na ƙarshe a talbijin, Maxine ta ja ni har Toledo. An cika zauren cocinsu maƙil, an kawo tsiran alade da kabeji, an ɗora talbijin a kan tebur. Mama Stella na gaba da hular zuwa coci, hannunta cikin na 'yarta. Maxine ta juyo da fuskar tsohuwar ta ce mata a hankali, don ta ga bakin: "Mama, ki kalli ƙofar sama. Koriyar riga."

Aka bubbuga sanda. Ƙofa ta buɗe. Sai ga wani ƙaton mutum mai gemu har ƙirji, da gashi a ƙwauri, cikin koriyar rigar da ta kusa yagewa a jikinsa. Hal Tunney ne, mai ɗauke mana katakai; ashe an sake ɗaukar wurin da shi a ɓoye. Ya buɗe baki, muryar Maxine ta fito daga cikin gemun: "Wane ɗan banza ne ya bar min ƙofa a buɗe?"

Zauren ya ɗauka. Limamin cocin har da buga tebur. Roz ta yi dariya sai da ta ƙware, tana nuna ƙanwarta da cokali.

"Kai, Maxine, ashe haka kike in kin yi kwalliya! Gemun ya karɓe ki!"

Mama Stella ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da kallon ƙofar da ke bayan ƙaton, tana jiran wadda za ta biyo shi. Har sunaye suka gama wucewa, aka shiga tallar sabulu. Sannan ta juyo, da irin ƙarfin muryar kurame, ta tambaya: "To yaushe Maxine za ta fito?"

Da safe Maxine ta kira Whitlock, ina tsaye kusa da ita.

"Yallaɓai, ba faɗa na kira mu yi ba. Wanda aka ɗauka da ni nake so, in nuna wa mahaifiyata."

"Ayya, ƙawata, ai an ɗora wani abu a kan wannan faifan. Amma kin ji dariyar kuwa? Duk ƙasar nan ta girgiza! Ke ma fa 'yar sana'a ce, ya kamata ki yi alfahari."

Ƙasar ta girgiza kam. Jaridu suka rubuta cewa ashe duk shekarun nan namiji ne ke muryar. Hal bai ce shi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya koyi ihun iya yinsa, aka riƙa gayyatarsa hira, ya samu tallar makullin ƙofa. Maxine ta je neman wani aikin, aka ce muryarta ta yi kama da ta Hal da yawa. Mama Stella ta rasu kafin sanyi ya fita, tana gaya wa matan coci cewa 'yarta na wani aiki a California, amma ba ta san ko wane iri ba ne.

Bara na tsaya sayen abinci a irin shagunan da ake oda daga cikin mota, ana magana da wani ƙaramin akwati a jikin bango. Akwatin ya ce, "Barka da zuwa, me za a kawo?" Muryar Maxine ce. Ko a kabari na ji muryar nan zan gane ta.

Mutumin da ke motar gabana shi ma ya ji wani abu. Ya leƙo da kai yana washe baki.

"Baiwar Allah, don Allah ce 'wane ɗan banza ne ya bar min ƙofa a buɗe'."

Sai Maxine ta faɗa, da dukkan ƙarfinta, kamar tana kan tsaninta.

Ya tuntsire da dariya. "Kin yi ƙoƙari, wallahi! Amma da sauranki. Na Hal ya fi kauri."

"Na gode," in ji Maxine. "Matsa taga ta gaba."

Da layi ya zo kaina na leƙa tagar, ina gyara abin da zan ce mata. Wata yarinya kyakkyawa ce ta miƙo min ledar. Ta ce mai karɓar oda a ɗakin baya take zama, manaja ba ya sa ta a taga.